Jan Zare a Bakin Tymon

"Ciji!"

Jagoda ta cusa wa Tymon jan zare tsakanin haƙora tun kafin ya rufe ƙofar ɗakin ɗinki.

"Jagoda, akwai maganar da..."

"Ciji na ce! Ganye ya ɓalle a kafaɗarka."

Ƙarya take yi, Allah na gani. Ita ta fizge ganyen da hannunta lokacin da ya juya.

Tymon ya ciji zaren ya yi gum. Yo ya zai yi? Kowa a birnin Łódź ya san ba a ɗinki a jikin mutum sai da zare a bakinsa, kuma ba ya cewa uffan sai an zare allura. Wanda ya yi magana an ɗinke masa hankali ke nan, ya manta hanyar gida, ya manta wanda yake so. Balle mai rawar bale, rawar tsalle a kan yatsun ƙafa, da zai hau dandamali yau da la'asar, a wasan farko na kaka.

Jagoda ta soma ɗinki. Ita ta tsara rigar nan tun bazara: karan-miski ruwan ƙasa, da ganyayen siliki ja da ruwan goro suna gangarowa daga kafaɗa. Kowane ganye da sunansa a ranta ta ɗinka shi.

Amma da safiyar nan Sabina, abokiyar rawarsa, ta zo gwajin siket tana wani yauƙi.

"Ki ɗan matse min ƙugun, 'yar allura. Jiya a gidan Pani Danuta na ci abinci, kin san mahaifiyarsa ba ta gajiya da ni..." Ta kalli madubi ta yi murmushi. "Bayan kaka Vienna za mu tafi, ni da shi. Au, bai faɗa miki ba? Yau zai faɗa."

Jagoda ba ta yi mamaki ba. Pani Danuta, wato Uwargida Danuta, ta taɓa gaya mata ido da ido cewa ba ta raini ɗanta don ya ƙare a hannun mai lankwasa bakin siket ba.

Yanzu tsoro ne ya cika ta, tsoro zalla. Muddin allura na jikinsa ba zai iya cewa sun rabu ba.

Don haka ta ci gaba da ɗinki.

Ta mayar da ganyen da ta fizge. Ta ɗauko wani. Ta ƙara wani a kansa.

"Ke yarinya!" in ji Gwaggo Renia, babbar ɗakin ɗinki, tana leƙowa ta saman tabarau. "Mutum kike shiryawa ko bishiya? Saura kaɗan tsuntsaye su yi masa sheƙa!"

"Saura kaɗan, Gwaggo..."

"Mmm!" Tymon ya yi gurnani yana nuna ƙofa. An buga ƙararrawar farko.

Hawayenta ya ɗiga a kan karan-miskin.

"Don Allah ka bar ni in gama," ta ce a hankali. "In na gama ka faɗa... ka tafi abinka."

Ya zuba mata ido.

Sai kawai ya tofar da zaren!

"Jagoda."

"Wayyo Maryamu!" Gwaggo Renia ta dafe ƙirji, almakashi ya faɗi ƙasa.

Allurar na nan cake a ƙirjin rigar, daidai saitin zuciyarsa. Jagoda ta kai hannu za ta toshe masa baki, ya riƙe hannun gam.

"Tymon, yi shiru! Za ka manta rawarka, za ka faɗo! Za ka manta... da ni."

"Saurare ni, zuciyata. Mama ta sa na haddace maganar rabuwa da zan gaya miki, gaskiya ne. Na ce mata a'a, na ce wa Sabina a'a. Abin da na zo faɗa ke nan kika cika min baki da zare."

"Ka daina magana, na roƙe ka!"

"Kin ce allura na ɗinke hankali ko? To yanzu babu komai a cikinsa sai ke. Ɗinke shi haka, kada wani abu ya shiga, kada ke ki fita." Ya mayar da yatsunta kan allurar. "Za ki aure ni?"

Tana kuka ta ja zaren, ta ƙulle, ta yanke.

"In ka sauko kana tuna sunana."

Da aka fara wasan, a bayan labule ta tsaya. Duk tsallen da ya yi sai ta bi shi da ido. Da ya ɗaga Sabina sama ta runtse ido, tana jiran ta ji ƙarar faɗuwa.

Tafi ta ji.

Ya fito yana haki, gumi sharkaf, ganyaye na zuba daga jikinsa. Ya wuce Sabina, ya wuce masu miƙa furanni.

"Jagoda Wrona," ya ce. "Mai kuka a kan kayan mutane. Na ci jarrabawar?"

Kai ta gyaɗa ta faɗa jikinsa.

Kafin dusar ƙanƙara ta sauka aka ɗaura aure. Sai dai ranar, a ƙofar coci, Jagoda ta hango Pani Danuta ta nufo ta fuska a murtuke, baki cike da magana.

Gwaggo Renia ta sha gaban matar da allura a hannu.

"Ayya Pani, hannun rigarki ya farke! Uwar ango guda? Ciji nan."

Pani Danuta ta kalli zaren, ta kalli ɗanta da ya kasa ɗauke ido daga amaryarsa. Ta san sarai rigarta lafiya lau take.

Ta buɗe baki ta ciji zaren.