Mai Riƙe da Gada

Rana ta kusa faɗuwa, mai duba gadoji yana zaune a tsakar gida yana shan iska, sai tsakuwa ta faɗo kan kwanon rufi. Wata ta biyo ta. Matarsa ta leƙa waje don ta wanke 'ya'yan maƙwabta tas, ba ta ga ko kaza ba. Ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya sansana, ya ji warin kwalta da laka.

Shi fa mutum ne mai kwashe-kwashe. Duk inda ma'aikatar sufuri ta tura shi, sai ya dawo da tarkace a bayan mota. A makon nan wani dutse mai santsi ya ɗauko daga ƙarƙashin tsohuwar gada, wai matar ta riƙa wanki a kai. Gadar nan ya yi magana a gyara ta har bakinsa ya gaji, kullum amsa ɗaya: kuɗin bana sun tafi sayen motocin bas.

Jifa ya zama na kowace magariba. Sannan 'yarsu ta daina zama. Sai ta tsaya tsakiyar ɗaki a duƙe kamar mai ɗauke da buhu, gumi na tsiyaya. In babbar mota ta wuce a titi, ta yi nishi da muryar da ba tata ba. Tsoro ya hana uban ci, ya hana shi zama wuri ɗaya.

Aka ɗauko malam. Ya yi karatu har muryarsa ta dushe, kana ya ce, "Wane ne kai?"

"Ni ke riƙe da gadarku," in ji muryar daga bakin yarinyar. "Tun da ƙafarta ta tsage nake tallafe da ita. Dutse ɗaya nake jingina bayana, shi ma wannan bawan Allah ya kwashe."

"A yi haƙuri, yanzu zan mayar," in ji uban.

"Yaushe za a gyara ta?"

Uban ya sunkuyar da kai. "Sun ce baɗi."

"Bara ma haka na ji ka ce."

Malam ya ce, "Yarinya ba ta ɗauki dutsenka ba. Fita, ka koma wurinka."

"Fita zan fita, amma ba zan koma ba, na gaji. Zan riƙe har bas ɗin masu tashi daga aiki ya haye. Daga nan kafaɗata tawa ce."

Yarinyar ta yi atishawa, ta miƙe sak, ta nemi ruwa. Uwar ta rungume ta tana kuka.

Uban bai tsaya sallamar malam ba, ya figi mota. Ba shi da izinin rufe hanya, ya kuma san hakan na iya cin aikinsa. Yana isa, bas ɗin yana gama hayewa. Ya gicciye motarsa a bakin gada, ya aika wani ya tare ɗaya ɓangaren. Direbobi suka taru suna danna hon, suna zaginsa ta uwa ta uba. Ya ƙi janye motar. A bayansa, kan gadar da babu kowa, ƙarfe ya fara kuka.