Faifan Ƙarfe Huɗu

Sufeto ya tarar da mai shagon faifai a bakin ƙofa, dattijo mai furfura, yana huci. An ɓalle kwaɗo da tsakar rana, lokacin da ya fita cin abinci.

"Me aka ɗauka?"

"Faifai ɗaya. Babu irinsa ko'ina. Ga ɓarawon nan, mai gyaran rediyo. Kama shi!"

Mai gyara ya leƙo daga shagonsa. "Ni? Me zan yi da tsohuwar waƙa mai shi-shi-shi? Kullum ƙarfe huɗu sai ya sa ta ya ƙure murya don bazawarar tela da ke tsallaken titi ta ɗago kai. Tsoho da kai, ba kunya!"

"Kishi ke cin ka, mai baƙin hannu!"

"Ku rufe mini baki," in ji Sufeto.

Ya shiga. An kifar da kujera, an watsar da takardu. Amma faya-fayan da aka sauke daga kanta duk a tsaye suke, jingine da bango, inda rana ba ta kaiwa. Ko ɗaya bai karce ba. An ma lulluɓe garmaho, na'urar kunna faifan, da ƙyallensa.

Ya dubi hannun mai gyara, baƙi ƙirin da maiƙo. Jakunkunan faya-fayan kuwa fes.

Ya tsallaka wurin tela.

"Ban ga kowa ba, ranka ya daɗe," ta ce, ba ta daina taka keke ba. Idonta kuwa na satar kallon 'yar mai shagon faifai, wadda ke tsaye da tsintsiya.

Sufeto ya koma. Ya zaro wani faifai, ya dafa tsakiyarsa da yatsu biyar, ya yi kamar zai ajiye shi a kan tagar da rana ke duka.

"A gefe ake riƙewa!" Maganar ta kuɓuce wa budurwar. "Zai lanƙwashe!"

"Wa ya koya miki?"

"Innata, kafin ta rasu."

"Ɓarawon nan ma a wurinta ya koya. Ina faifan?"

Ta yar da tsintsiya. Ta buɗe jakarta, ta fito da shi a karye gida biyu.

"Waƙar Inna ce, Baba. Da ita ka nemi aurenta. Tana kwance tana ciwo ita take cewa a sa mata. Ko shekara ba ta yi a ƙasa ba, ka mai da ita abin kiran wata. Ka rasa waƙa duk shagon nan?"

Dattijon ya daɗe yana kallon ɓangarorin biyu.

"'Yarka ce," in ji Sufeto. "Za ka janye ƙara?"

"Ɓarawo na ce ka kama. Ka kama."

Sajen da ya rako Sufeto ya sa ta gaba. Ba ta waiwayo ba. Agogon bango ya buga huɗu, tela ta miƙe ta ja labulenta.