Mukullin Ƙofar Baya

Ni na sa wa ƙofar baya sarƙa da kwaɗo, ba zan ɗora wa kowa ba. Shekara shida ina kula da ɗakin kwanan ɗalibai mata a wata jami'a kusa da Gaya, kuma ta ƙofar nan yaran suke shigo da risho da hita a ɓoye. Na gaji da ɓaɓatu, na garƙame ta.

Malam Kabo, jami'in kashe gobara na makarantar, ya zo duba jajayen tukwanen kashe wuta, ya ga sarƙar.

"Iya Talatu, wannan fa ƙofar tsira ce. In wuta ta tare gaba, ta ina za su fita?"

"Gobe zan cire," na ce. Goben nan tawa sai da ta yi wata uku.

Wata Alhamis, gab da magariba, na fito zan kama motar ƙarshe ta Ajingi, mukullin na ƙulle a bakin zanina. Na yanke ta gonakin gyaɗa. Ba kowa. Ko kukan gyare babu.

Sai ƙamshi. Turaren wuta, irin wanda yaran ke yi wa kayan Juma'a. A ƙarƙashinsa kuma ƙaurin tsumma.

Wata mata na tsugune a kan kunya, ta lulluɓe har fuska. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Hayaƙi siriri na fita ta ƙasan mayafinta.

Ban ga tashinta ba. Sai jin hannunta na yi a wuyan hannuna, da zafi kamar murfin tukunya a kan murhu.

"Mukullin," ta ce cikin raɗa. Numfashinta warin toka.

Na nemi addu'a a bakina, na rasa.

"Suna bugawa. Ba kya ji?"

Na ji. Daga can nesa. Dum. Dum. Dum.

Na fizge, na kwasa da gudu na koma makaranta, takalmi ɗaya ya tsaya a gona.

Ashe Zuhra ce, 'yar aji ɗaya, ta kifa kabbasa a kan kaskon turare, ta shimfiɗa kayanta a kai su sha ƙamshi, ta tafi ɗebo ruwan alwala. Ɗakinta ne na farko daga ƙofar gaba. Wuta ta ci labule, ta tare ƙofar gaba.

Na zaga baya. Ƙarfen ƙofa na girgiza. Tari. Salati.

"Iya! Iya!"

Mukulli ya suɓuce. Na laluba ƙasa. Na same shi.

Kwaɗo ya buɗe.

Suka zubo kaina, wasu da rarrafe. Malam Kabo da mutanensa suka iso da ruwa. Na ƙirga yarana ina kuka, arba'in da biyu, cif.

Sannan ta fito, ita ce ta ƙarshe, a hankali, daga cikin hayaƙin. Mai mayafin. Ta tsaya dab da kunnena.

"Ni ba wanda ya dawo ya buɗe min."

Na waiga. Ba kowa.

Sarƙar tana rataye a ofishin Malam Kabo, ita yake nuna wa sababbin ɗalibai. Duk Alhamis ina bi ɗaki-ɗaki da buta ina kashe garwashi, masu zumɓura baki su zumɓura. Shatin yatsu biyar na nan a wuyan hannuna, ban kuma taɓa tambayar ko wace ce ba. Amma ko sau goma zan wuce ta ƙofar baya, sai na tura ta na ga ta buɗe.