Ruwan Sanyi a Motar Baba Siman

Ranar da Yosiya ya fara ganin Febi, tana tsaye ne a bakin titin Sabon Gari, gaban wata tsohuwar mota ruwan toka, bonet a buɗe, tururi na tashi. Shi malamin firamare ne, iyakar saninsa da mota kujerar baya. Amma da ta ɗago ido ta dube shi, nan take ya zama bakanike.

"Sannu 'yan mata. Zafi ta ɗauka? Ai ƙaramin abu ne."

Ya kafe babur ɗinsa, ya sayo fiyawota mai ƙanƙara, ya sa tsumma ya buɗe lagireto, ya shiga ɗurawa. Injin ya yi ƙas! Da Febi ta murɗa makulli, farin hayaƙi ya turnuƙe ta salansa.

"Malam, ka taɓa gyaran mota kuwa?"

"Gaskiya yau na fara."

Ta so ta yi kuka, dariya ta riga fitowa. A nan suka karɓi lambar juna.

Motar ta mahaifinta ce, Baba Siman, tsohon akawu da ya yi ritaya. Mutanen unguwarsu, Tudun Ƙofa, suna kiranta Sai An Tura, amma ba a gabansa ba. A cikinta ya ɗauko marigayiya Lea, mahaifiyar Febi, ranar aurensu, kuma tun rasuwarta kullum da safe sai ya goge motar kafin ya karya kumallo.

Oga Sha'aibu bakanike ya duba ya kaɗa kai. "Wa ya zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi? Gaskit ya ƙone, kan silinda ya tsage. Irinsa kuwa samunsa sai an sha wuya."

Aka ajiye motar a gindin mangwaro, aka rufe da tamfol.

Soyayya ba ta jira gyara ba. Kullum sai saƙon Yosiya ya shigo: "Febina, na kashe motar Baba, ke kuma kin kashe ni. Wa zai biya wani?"

Ita kuma ta amsa: "Mai Ruwan Sanyi, ka ci abinci tukun. Ina kewarka, amma kar ka ji daɗi da yawa."

Da maganar aure ta kai kunnen Baba Siman, sai ya murtuke. "Wannan mai karambanin? Wanda ya taɓa abin da bai sani ba ya lalata, shi zan ba 'yata? A'a."

Ana cikin haka wani mai suna Jethro ya kunno kai, shi ma yana neman auren Febi. Dillalin filaye ne a hanyar Abuja, inda gonakin jiya suka zama gidaje, kuɗi kuma ya zauna masa. Yakan zo a mota mai sheƙi, ya cika gidan da turare.

Shi kuwa Yosiya sai ya yi wuyar gani. Babur ya ɓace, kuma kowace Asabar sai a gan shi yana shiga motar Abuja. Ƙawar Febi, Caroline, ta rantse cewa wata ya samu a can. Febi ta yi kuka har ta gaji, sannan ta rubuta: "In ka fasa, faɗa mini kawai. Ba na son ji a bakin mutane."

Amsa ta zo: "Sarauniyata, ban fasa ba, ba kuma zan fasa ba. Zo garejin Oga Sha'aibu gobe da yamma."

Ta same shi dumu-dumu da baƙin mai, rungume da wani ƙarfe kamar jariri. Ashe kasuwar kayan gyara ta Apo a Abuja yake zuwa neman kan silinda, har ya samu ɗan Beljiyam, wato na hannu daga Turai. Kuɗin babur ɗin da ya sayar da abin da ya tara na aure duk sun tafi. Oga Sha'aibu kuma ya ƙara da cewa famfon ruwa ya gaji, fanbel ya tsufa, kuloci ma yana neman sallama.

"Don me ba ka gaya mini ba?" Hawaye ya cika mata ido.

"Kunya, Febi. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Ranar da aka zo jan motar zuwa gareji, Jethro yana gidan. Ya yi dariya ya ce, "Baba, bar wahalar nan. A ba 'yan gwangwan su auna ta a kilo, ni zan kawo maka tokumbo mai kyau, ta hannu daga ƙasar waje."

Baba Siman ya dube shi. "A kilo?" Daga ranar Jethro bai ƙara ganin fuskar sakewa a gidan ba.

Sai da albashi ya zo ya wuce, wani ma ya zo ya wuce, kafin Sai An Tura ta shigo Tudun Ƙofa da ƙafafunta, ba mai turi. Baba Siman ya shafa sitiyari, ya juya baya don kar a ga idonsa.

"Ɗana," ya ce, "ka turo manyanka. Amma kar ka sake taɓa mini bonet."

Ranar biki a cikinta aka ɗauko ango da amarya daga coci, Baba Siman da kansa ke tuƙi. Jerin gwano ya yi ta tafiyar hawainiya cikin rana, har allurar zafi ta fara hawa. Aka tsaya, aka ɗaga bonet. Sai ga wani kawun ango ya taho da gudu, hannunsa cike da fiyawota.

"Kar ka zuba!" Ango da surukinsa suka daka tsawa tare.

Suka dubi juna, dariya ta ƙwace musu, Febi na yi har da riƙe ciki cikin farar rigarta. Tun da dole a jira inji ya huce, Baba Siman ya kama hannayensu biyu a nan bakin titi.

"Febi, haka mahaifiyarki ta jira a kujerar motar nan ranar aurenmu," ya ce. "In abu ya yi zafi a gidanku, ku ba shi lokaci. In ya lalace, ku gyara, kar ku yar. Ubangiji ya albarkace ku."

Jama'a suka amsa da amin. Da ya murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi.