Zoben da ke Wuyan Effie

Tsohuwa Peigi ta tare Effie a bakin famfon unguwa, ta ƙare wa cikinta kallo.

"To, 'yar nan, ɗana Lachie yana can Faransa yana shan harsashi, ke kuma har kin samo mai riƙe masa wuri?"

Effie ta tara bokitinta a famfo, ta gaji da irin wannan. Tunda cikin ya fito matan garinmu na masu haƙar kwal suka sa ta gaba, mu kuwa in mun samu nama har ƙashi muke taunewa. Gidan da take wankau sun sallame ta. A coci benci guda ake bar mata ita kaɗai.

Ashe an ɗaura musu aure da Lachie a ɓoye a birnin Halifax kafin jirgin sojoji ya tashi. Sai dai kuɗin da gwamnati ke ba iyalin soja mutum ɗaya ake ba: in akwai mata, uwa ta rasa. Peigi kuwa ramin kwal ya cinye mijinta, gidan kamfani take haya, da wannan kuɗin take biya. Lachie ya riƙe hannun Effie ya ce, "Ki rufa min asiri, rabin raina... har in dawo." Ta rufa nasa, nata ya tonu.

A bakin famfon, Effie ta sunkuya za ta gyara bokitin, sai zaren wuyanta ya zamo waje, zobe yana lilo.

Peigi ta cafke shi. Zoben aurenta ne ita Peigi, wanda ta ba Lachie ranar tafiya.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Mijina, Inna..."

Bokiti ya cika yana zuba.

"Wato abincinki nake ci ina zaginki?"

Effie ta ce in ta faɗa za a kori tsohuwar daga gidan kamfanin, ga sanyi ya kusa. Peigi ta tsinke zaren da haƙoranta biyun da suka rage. Yatsun Effie sun kumbura, a ƙaramin kawai zoben ya shiga. Peigi ta ɗaga hannun Effie sama, saitin tagoginmu, don ta san muna leƙe.

Sannan ta sunkuci bokitin tana nishi.

"Wuce mu je gida. Gobe a sa sunanki a takardar kuɗin, ki karɓa, ni in ci arzikinki. Amma ki sani, ba na son gishiri da yawa a romo."