Tunkin da Suka Gudu

Nelida na zuba wa baƙi shayin ganyen koka a ƙofar gandun dajin da ake kira Manu, can sama cikin ciyawa da hazo, sai ga wani dogo da madubin hangen nesa a wuya. Wilber ne, sabon mai raka masu kallon tsuntsaye. Suka haɗa ido, shayin ya malalo mata a yatsu.

"A hankali, 'yar tsuntsuwa," ya ce yana dariya. "Ni ba shaho ba ne."

Tun ranar zama ya gagare ta. Ko motar su Wilber ta gangara kurmi, ko sun kai bakin kogi wajen aku, hankalinta na can, wayarta na hannu.

"Yau na ga tsuntsaye kala-kala, babu mai idonki," ya rubuto.

Wata safiya mahaifinta Don Eusebio, mai gadin dajin, ya kama Wilber yana kunna kukan wani tsuntsu mai suna tunki a waya don tsuntsun ya matso kusa da baƙi. Lokacin kwanci ne kuwa. Tunkin suka watse, suka bar bishiyarsu.

"Wanda ya yaudari tsuntsu da muryar aro zai yaudari 'yata," in ji tsohon. "Ga Fortunato direba can, bai san ƙarya ba."

"Bai san wanka ba ma, Papa," ta ce ƙasa-ƙasa.

Daga nan saƙon Wilber ya ɗauke. Abinci ya ƙi shigar Nelida, barci ya ƙaurace mata. Ta rubuta: "Kai ma ka gudu kamar tunkin?" Shiru. Ta sake: "Dogona, ko kalma ɗaya." Shiru.

Rannan da asuba mahaifinta ya ce, "Ɗauko mayafinki."

Suka gangara kurmi. Ga Wilber zaune a gindin bishiyar nan, sauro ya kumbura masa fuska, ya ɗora yatsa a baki. A saman kansa tunkin sun dawo, jajaye jawur, suna ta tsalle.

Don Eusebio ya zaro wayar Wilber daga aljihu. "Da kansa ya kawo min, wai in riƙe sai tunkin sun dawo. Karɓi abarka, yaro. Saƙonninta sun hana ni sakat."

Nelida ta rufe fuska da mayafi.

A garin Pilcopata aka yi bikin Nelida da Wilber. Tsohon ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya zaunar da ku, ku riƙa kiran juna da muryarku."