Kwanon Ɗakin Inna

Ranar Talata da hantsi, saura kamar mako uku damina ta faɗi, wata mata mai suna Hajara ta shiga ofishin 'yan sanda na Gummi ta kai ƙara: an sace bandir biyu na kwanon rufi a gidansu na gado. Awakinta uku ta sayar ta saye shi, domin a rufe ɗakin mahaifiyarsu wanda ya yi ta yoyo bara. Yayanta, Malam Abdulwahabu, tsohon hedimasta, shi ke riƙe da gidan, kuma shi ya ajiye kwanon a zaure.

Insfekta Sa'idu ya je gidan. Ya tarar da kwaɗon zauren lafiya lau, ba a fasa shi ba.

"Malam, mabuɗi nawa gare ku?"

"Guda, yallaɓai. Yana aljihuna."

"To ta ina ɓarawon ya shiga?"

"Wataƙila na mance ban kulle ba," in ji Malam, idonsa na kan takalminsa.

A bakin layi, Dija mai ƙosai ta ce ranar Juma'a, bayan maza sun tafi masallaci, ta ga Atiku kafinta yana tura amalanke ɗauke da kwano.

Da aka kawo Atiku sai ya ce, "Ni ranar ina Bukkuyum wurin aiki."

"Gidan wa?"

Ya kasa faɗin suna. Aka sa shi a bayan kanta.

Abin ya tsaya wa Insfekta a rai, domin kowa ya ce Atiku bai taɓa ɗaukar ko ƙusar wani ba. Washegari ya koma gidan. A jikin katanga, daura da ƙofa, ya lura da sabuwar farar ƙasa da aka shafa wuri ɗaya, faɗinta bai wuce faranti ba. Ya kankare ta da mabuɗin babur ɗinsa, sai jan fenti ya bayyana. Irin alamar ce da ma'aikatan haraji kan yi wa gidan da ya daɗe bai biya ba.

A ofishin haraji, magatakarda ya buɗe littafi. An biya wa gidan harajin shekara uku a dunƙule, ranar Litinin.

Bayan la'asar Insfekta ya sami Malam a zaure tare da Hajara.

"Malam, gobe za mu kai Atiku kotu. Na zo in sanar da kai, tunda na ji ɗalibinka ne."

Malam ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ku sake shi. Ni na sa shi ya kai kwanon kasuwa, na roƙe shi kada ya faɗi."

"Yaya," in ji Hajara, "kai?"

"Gidan ga ya fi ƙarfina, Hajara. Bara katanga ta faɗi, na tada ta. Ga yaɓe, ga kuɗin wuta, ga yashe shadda. Fansho ba ya kaiwa tsakiyar wata. Ranar da sunka shafa jan fentin nan, mutanen da na koya wa karatu suna wucewa suna karantawa. Ƙofar Baba ce."

"Ka ji kunyar fenti, ba ka ji kunyar bawan Allah ya kwana a tsare saboda kai ba?" in ji Insfekta.

"Na ji, yallaɓai. Jiya na zo har bakin ofishinku, na ga wani ɗalibina cikin kaki, na juyo."

Hajara ta ja mayafinta ta rufe baki. "Da ka faɗa min, ai akwai sauran akuya guda. Ka bar ni na kai ƙarar ɗan'uwana da ƙafata."

Insfekta ya ce dole Malam ya bi shi ya ba da jawabi a rubuce kafin a saki Atiku. Bai fito da ankwa ba. Malam ya mayar da hularsa, ya miƙa wa Hajara mabuɗin zauren.

Suna shirin fita, muryar tsohuwar ta taso daga cikin gida.

"Abdu, masu rufin ne sunka zo?"

Hajara ta dubi yayanta, ta bar masa amsar.

"A'a, Inna," in ji Malam. "Ni ne anka zo ɗauka."